Tabaran Walda

Har gobe, in aka ambaci Baffa a gidanmu, sai wani ya tuno ranar da ya shiga shagon kayan kwamfuta da tabaran walda a fuska, ya lalubi injin ɗumama abincin mai shagon, ya dafa shi ya ce, "Wannan fa? Tana fitar da rubutu tsaf?"

Baffa ƙanin mahaifina ne, tsohon hedimasta. Ido ɗaya ya rage masa, na dama. Da shi yake rubuta tarihin danginmu a kwamfuta, da yatsa bibbiyu, kullum cikin fargabar kada ganin ya ƙare littafin bai ƙare ba. Tsohuwar firintarsa ta tawada ce, in ta kwana biyu ba aiki sai ta bushe, ta riƙa fito da kakanninmu rabi-rabi. Sai 'yarsa ta ce, "Baba, ka nemi mai leza, ƙarama, baƙi da fari. Hoda take ci, ba ta bushewa, kuma ba tsada."

Kalmar nan ta tsaya masa a rai. Ya taɓa jin likita yana cewa da leza ake ƙone ciwo a cikin ido. Wato wuta ce da ta san hanyar ido, ita za a ajiye masa a ɗaki, dab da gado. Abinci ya daina shiga. Yakan rufe idon da tafin hannu, wai yana gwada yadda duhun zai kasance. Amma littafin na jira. Sai ya ari tabarau wurin mai waldar bakin layi, ya ce in raka shi.

Da ƙyar muka lallashe shi ya ɗaga tabaran. Mai shago ya rantse cewa lezar a kulle take can ciki, ko ita takardar ba ta ganinta. Sannan ya kunna wata babba mai gilashi a sama, wadda ke kwafe takardu. Farin haske ya taso ya ratsa gilashin a hankali. Na juya, ba Baffa. A bayan kwalaye na same shi durƙushe, hannu biyu a fuska, yana salati.

A ƙarshe ya zaɓi mafi araha, ba don arahar ba. Ita kaɗai ce ba gilashi, ba allo, ba wata kafa. Sai da ya shafa ta ko'ina kamar mai sayen akuya.

Littafin ya fito, kakanni duk da kawunansu. Amma har yau daga bayan ƙofa yake danna maɓallin, da kan sandarsa.

Rannan na ce, "Baffa, hedimasta guda, kana tsoron akwati?"

Ya zaro shafin da ya fito, ya manna mini a kumatu.

"Ka ji ɗumi?"

Na ce na ji.

"To wannan takarda ce, ɗana. Kai da kake da idanu biyu, matsa ka leƙa."