Geron Kaka da Turmin Inna

Wasu shekaru can baya na kusa jawo wa yayana asarar da ba ta gyaruwa, kuma bakina ne sila.

Yayan nawa masanin kimiyyar tsirrai ne a wata jami'a a Turai, yana bincike kan hatsi mai jure ƙarancin ruwa. Ni kuwa a Daura ba ni da aiki sai tallarsa. Ko hirar ƙwallo ake a majalisa sai na san yadda na jefo shi ciki.

Wata rana ya kira ni, ya ce yana son irin geron kakanmu, wani gajeren gero mai nuna da wuri da mutane suka daina shukawa. Kwano biyu kacal ya rage mana. Abokin aikinsa yana Kano da takardun izini, zai tashi ranar Asabar. "Don Allah ka tsaya a kai da kanka," in ji shi.

Na ce an gama. Na leƙa na ce wa mahaifiyata, "Inna, Yaya na son geron Kaka, a haɗa mini." Na fice majalisa ina ba da labarin Turawa sun aiko neman geron gidanmu.

Ranar Juma'a da hantsi ta miƙo mini ƙulli yana ƙamshin citta da kanumfari. Ta surfe geron, ta wanke, ta kai an niƙa. Garin kunu, lukwi, ko ƙwaya ba ta rage ba.

"Inna, shukawa fa za su yi!"

"Shuka? Ni in aika tsaba har ƙasar Turawa da dusarta, a ce ba shi da uwa? Wa zai surfa mashi a can?"

Laifina ne, ban yi mata bayani ba. Ita ce ma ta tuna da wani tsoho a Sandamu, aminin Kaka, wanda ta ce ba zai rasa irin geron ba. Ana saukowa daga masallaci na hau babur.

Tsohon ya saurare ni, ya yi dariya har da tari. Ya shiga ɗaki ya kwanto zangarniya bakwai daga jikin rufi, hayaƙi ya mayar da su baƙi. "Kullum yaran gidan nan sai sun ce in ba kaji. Ungo. Ka ce ma yayan naka in geron ya tsira, ya faɗa ma duniya daga inda ya fito."

A daren na kai zangarniyar Kano da kaina, Yaya kuwa ya faɗa. Bayan shekara uku aka yi hira da yayana a rediyo, da Hausa, ya ce irin da ya buɗe musu hanya daga ɗakin wani manomi a Sandamu ya fito. Wallahi sai da na share ƙwalla. Ranar na gane alfaharin nan da muke yi da 'yan ƙasarmu masana a waje, rabinsa yana rataye a ɗakunan tsofaffin da ba mu ko gaishewa.

Inna kuwa, da yake Yaya ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta kamawa balle ta yabe shi. Tana tsintar wake, ta juya wa rediyon baya kamar ba ta ji. Da na kai hannu zan gyara eriya sai ta daka mini tsawa: "Kai, bar shi! Mutum na magana."