Wayoyin Malam Bappayo a Kagarawal

Ina ofis ranar Talata da hantsi aka kawo mini labarin cewa Allah ya yi wa Malam Bappayo, mai gyaran rediyo a Kasuwar Gombe, rasuwa bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A wurin zaman makoki na ji wani dattijo yana ce wa na kusa da shi ƙasa-ƙasa, ai har ya koma ga Allah ba a san da wa yake magana ba. Wannan zargi ni na fara sa shi a takarda, don haka ni ya kamata in janye shi.

Lokacin yaƙin basasa ne, sa'ad da kowa ke duban maƙwabcinsa da ido biyu. Malam ya kafa sanduna a gonar gyaɗarsa da ke bayan gida a Kagarawal, ya ja wayoyi a tsakaninsu, ya haɗa su da wata tsohuwar rediyo. Yakan zauna da abin sauraro a kunne, yana duba agogo, yana rubuta lambobi a littafi. In aka yi sallama sai ya ɗaga hannu a jira shi. Da mai unguwa ya kira shi, Malam ya ce tauraron Mushtari yake saurara, wai yana fitar da wata ƙara kamar ta ruwa mai dukan gaɓar kogi, kuma yana iya faɗin ranar da za a fi jin ta. Wani ya ce ai mai aiko saƙon asiri ma da lokaci yake yi. Aka watse ba wanda ya gamsu.

Ni kuwa sabon ɗan jarida ne a lokacin. Na aika da layi biyar cewa ana zargin wani mai gyaran rediyo da karɓar saƙonni. Ban taka gidansa ba. Aka zo aka ɗauke rediyon, aka riƙe Malam kwana uku. An sake shi da rediyonsa, amma masu kawo gyara suka janye, har ya koma noma na wasu shekaru.

Bayan yaƙi na karanta cewa masana sun daɗe da tabbatar da wannan ƙara. Na je wurinsa da kunya. Bai yi mini faɗa ba, shayi ya zuba mini, ya buɗe bayan akwatin rediyon ya nuna mini babu abin aika magana a ciki. Ya ce, "Ɗana, wannan akwati kunne ne kawai, ba shi da baki. Da ka zo ka duba." Ya kuma nuna mini watannin da littafinsa yake fayau, lokacin da tauraron ke tafiya tare da rana. Yakan ce abin da ba ka rubuta lokacinsa ba, kada ka ce ka ji shi.

Na yi masa alkawarin buga gyara. Na yi ta ɗagawa, shi kuma bai taɓa tuna mini ba. Jiya Inna Dija, matarsa, ta miƙa mini littafin. Layukana biyar suna manne a shafin farko, da kwanan wata a ƙasa, da rubutun hannunsa.

To, ga gyaran, a makare: Malam Bappayo bai taɓa magana da kowa ta wayoyin nan ba.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini haƙƙinsa. Allah ya ba Inna Dija da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ya rufa musu asiri. Amin.