Hoton da Na Yanke wa Gefe

Lokacin da na fara aikin tallar irin ciyawar dabbobi, ba abin da nake tsoro kamar tsayawa gaban manya. Ni mutumin Tambuwal ne, na koyar a firamare shekara tara, amma yara daban, dattawa masu furfura daban.

Kamfanin da ya ɗauke ni ya tura mu horo Sakkwato na kwana uku. Wata mata gajeruwa mai kakkausar murya ta koya mana yadda ake jera bayani shafi-shafi a kwamfuta, a haska shi a bango da majigi. Ta ce kada mu cika rubutu, hoto ɗaya babba ya fi layi goma. Ta ce mu dubi idon mutane, kuma ko an katse mu kada mu rikice, mu yi murmushi mu ƙarasa maganarmu. Na riƙe wannan kamar karatun allo. Na yi ta gwaji a tsakar gida, matata da kajinta ne 'yan kallo. Na yi taro biyu a Tambuwal, ɗaya a Jabo, aka tafa mini. Daga nan na fara jin kaina.

Sai aka ce in shirya na Kebbe. Ƙungiyar manoma da makiyaya ta can ce ta gayyace mu, kuma shi ne taro mafi girma da aka taɓa ba ni. Mako guda kafin ranar na hau babur na je duba wurin. A hanyar dawowa na tarar da garken shanu yana bin burtali, gefen wata gonar dawa da ta kusa isa yanka. Na tsaya na ɗauki hoto da waya. A hagun hoton ana ganin duwatsun iyakar burtali, da makiyayi ya miƙa sanda yana tare shanun kada su karkata. A dama kuwa dawa ce, da wata tsamiya da aradu ta tsaga biyu.

Da na sa hoton a shafi sai na ga bai yi ƙarfi ba. Ina so mutane su ga matsala tukuna, sannan in nuna musu ciyawata a matsayin magani. Sai na yanke gefen hagu, duwatsu da makiyayi suka fita. Abin da ya rage shi ne kawunan shanu jingine da zangarnun dawa, a gabansu wani jan sa mai ƙaho ɗaya lanƙwashe ƙasa. Duk wanda ya duba zai rantse cikin gonar suke. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Abin da ban sani ba shi ne, sati uku kafin in ɗauki hoton, wasu shanu sun shiga wannan gonar sun yi ɓarna. Ƙanen mai gonar ya bi su, aka sare shi da adda, hannunsa na dama ya shanye. Ba a gano ko shanun wane ne ba.

Ranar taro da hantsi ɗakin ya cika. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji mai ƙiba da fara'a, ya roƙi kowa ya aje sandarsa a bakin ƙofa, aka tara su kamar itace. Aka ta da janareto, aka rufe tagogi don hasken ya fito. Na yi sallama da murya cikakkiya. Shafi na ɗaya, na biyu, na uku, har na ba da dariya. Sai na danna na huɗu.

Jan san nan ya cika bango, ya fi girmansa na gaske.

Wani dogon mutum a benci na biyu ya miƙe a hankali. Ya ce, “Malam, dakata. Wagga gonata ta. Ga tsamiyata can.”

Na yi murmushin da aka koya mini, na ce, “Madalla. In ka bari na ƙarasa, akwai lokacin tambayoyi.”

Bai ko dube ni ba. Ya juya baya, ya nuna wani dattijo siriri da ke zaune tsakanin 'ya'yansa biyu, magidanta. Ya ce, “Jan san ga naka na, Baba. Kowa ya san shi. Ashe ku na kunka sare ƙanena, muna gaisawa da ku kasuwa?”

Dattijon ya ce, “Sa nawa na, ba ni musu. Amma wallahi bisashena ba su taɓa taka gonakka ba.”

A nan ya kamata in kashe majigin, in ce ni na gyara hoton. Amma a lokacin abin da ya dame ni shi ne kada taro ya kuɓuce mini, kada a ga na rikice. Na haska ɗan jan hasken tocilan nuni da ke hannuna a kan ƙahon san, na ce da ƙarfi, “Jama'a, ai hoto ba ya ƙarya. Shi ya sa muka kawo muku mafita.”

Ban rufe baki ba dogon nan ya fizgi katakon benci da ya riga ya saki ƙusa, ya tsallake mutum biyu, ya sauke shi a kan dattijon. Ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Hularsa ta yi sama, jini ya yi tsartuwa har kan rigar wanda ke bayansa. Ya ƙara masa na biyu a gefen fuska kafin ya kai ƙasa.

Ɗakin ya kacame. Masu neman fita da masu neman sandunansu suka haɗu a ƙofa ɗaya, aka tattake Alhaji yana kiran sunan Allah. Sanduna suka shigo ta saman kawunan mutane. Na ga benci yana tafiya a iska. Na ga wani yana dukan wanda suka zo tare a kan babur ɗaya, saboda duhu. Babban ɗan dattijon ya zaro wuƙa daga damtsensa, ya soka wa dogon nan a cinya, ya zare, ya sake ɗagawa. Na shiga tsakani ina ihu, “Ku tsaya! Hoton ba haka yake ba!” Ba wanda ya ji. Sanda ta same ni a baki, ban san ta wa ba ce. Na faɗi bisa gwiwa, na tofar da jini, haƙorana biyu na gaba suka biyo shi. Duk wannan abin san yana nan a bango, inuwar mutane tana gilmawa a kansa, har wani ya yi jifa da majigin ya tarwatse.

Abin da ya tsayar da faɗan shi ne wani ya yi kururuwa, “Tsoho ya mutu!” Nan take ɗakin ya watse, wasu ta taga.

Bai mutu ba. Na ji numfashinsa yana fita da gurnani. Ni da ƙaramin ɗansa muka ɗauke shi, muka ɗora a babur. Ɗan ya tuƙa, ni na rungume tsohon ta baya, na danne raunin da hulata. Duk ramin da muka faɗa sai in ji jininsa mai ɗumi ya bi hannuna zuwa gwiwar hannu. A asibiti aka ɗinke shi, daga baya aka wuce da shi Sakkwato. Ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. Mai gonar ma ya rayu, yana ɗingishi har yau.

Kwana uku bayan haka uban ƙasa ya tara ɓangarorin biyu, mutanen ƙauyen mai gonar da na ƙauyen dattijon, da 'yan sanda a wurin, domin an ji kowane ƙauye yana wasa adduna. Aka kira ni. Bakina a kumbure, magana tana fita da iska. Na buɗe wayata, na nemo hoton na asali, na miƙa. Ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. Kowa ya ga duwatsun iyaka, ya ga makiyayi yana tare shanu, ya ga ranar da aka ɗauka.

Uban ƙasa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, “Malam, mi yas sa ka yanke shi?”

Na ce, “Allah ya ja zamaninka, don ya fi jan ido.”

Kawun mai gonar, wanda ya zo a madadinsa, ya rufe fuska da hannun riga. An sasanta ƙauyukan a ranar. Masu duka da suka kuwa, hukuma ta ci gaba da su. Ni ba a tuhume ni da komai ba. Wani ɗan sanda ya ce ba su da dokar yanke hoto. Na aje aikin da kaina kafin wata ya ƙare.

Bayan damina ta zagayo na je gaida dattijon. Na same shi a inuwar rumbu, yana tufkar igiya da lalube. Ya sa aka dama mini fura. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, “Ɗana, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranatai. Kai ka ɗauke ni zuwa asibiti, an gaya min. Sha furakka.”

Na sha.

Da na tashi tafiya, ƙaramin ɗansa ya raka ni har inda na aje babur. Na ta da inji. Sannan ya dafa kan babur ɗin, ya ce, “Baba ya yafe. Wana yana tsare har yanzu, ni ka ciyar da iyalinai. Ni ban yafe ba. Kada ka sake biyo wagga hanya.”

Na ce, “To.”

Ban sake bi ba. Wanda ya sare ƙanen mai gonar kuwa, har yau ba a san ko wane ne ba.