Leɓen Taubashiyata

Warin man shafawar nan da jikata ke ɓoyewa ƙarƙashin katifa shi ya tuno mini. Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, amma hancina ba ya ƙarya.

Shekarar da fara ta cinye mana gero ce, ba a daɗe da gina rijiyar siminti ba. Ni da taubashiyata, ɗiyar kawuna, lokacin muka fara ɗaurin ƙirji. Ran kasuwa 'yan matan Fulani kan zo da nono, leɓunansu baƙi wuluk, in sun yi dariya haƙora fari tas. Taubashiyata ta ƙwallafa rai. Su fa tsofaffinsu ke yi musu, da sani. Ita kuwa ta laɓe bayan rumbu ita kaɗai, da ƙayar aduwa da baƙin gindin tukunya, ta yi ta tsira wa leɓenta.

Leɓe ya haye, ya yi suntum. Ta rufe baki da gyale, wai ciwon haƙori. Ko fura ta kasa kurɓa. Na taɓa wuyanta, wuta! Ta damƙe mini hannu.

"In kika faɗa wa Kaka, ba ni ba ke."

Na je ƙofar ɗakin Kaka, na komo. Ina komowa na tarar kumburin ya hau kunci, ido ya fara rufewa. Na juya, na shiga, na faɗa.

Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta yaye gyalen, ta duba, ta ce wa kawu, "Ɗaura wa jaki akumari, likita za mu." Can aka tsaga, aka yi mata allura. Mai allurar ya ce da mun ƙara kwana, da wani zancen ake.

Ta tashi, sai dai leɓen ya karkace. Ba ta sake yi mini magana ba sai da aka yi shuka.

To yau ga jikata, man sa fari ya ƙone mata kumatu jajir, tana roƙona, "Kaka, don Allah kada ki gaya wa Baba." Da uban ya shigo gida, tun bai cire takalmi ba na gaya masa. Ta yi fushinta, na saba.

Kakarmu ta rasu, kawu ya bi ta. A mutanen waccan shekara saura ni da taubashiyata, tana garin Ɗan Gulbi, jikoki cike da gida. Har yau in ta hango ni cewa take, "Ga magulmaciya nan." Da karkataccen leɓe take faɗa, amma da ranta.