'Ya'yan Kwaɗi a Daro Biyu

Na sha wuya a daminar nan, ba kaɗan ba. Iyali suna Funtuwa tun da zaman ƙauye ya ƙi daɗi, ni kaɗai a gida sai sa guda. Da biyu ne. Ɗayan ya sha kududdufin bayan gari da aka yi ruwan farko, cikinsa ya kumbura, kafin a kawo wuƙa ya tafi. Wanda ya rage nake haɗawa da na maƙwabcina mu yi huɗa. In shi ma ya faɗi, noma ya ƙare mini.

A kasuwar Ƙanƙara na ba wani malamin gona labari. Ya tambaye ni inda masu feshi ke wanke famfonsu. Na ce a gangaren da ke zuba cikin kududdufin, can ma ake jefar da robobin maganin ciyawa. Ya ce ruwan sama ke kwasowa, kuma ido ba ya gani, sai dai a gwada da abu mai rai. In samu daro biyu, ɗaya ruwan rijiya, ɗaya na kududdufi, in ɗebo 'ya'yan kwaɗi a rafi in zuba a kowanne.

Haka na yi, a zaure. Ba wanda zan yi hira da shi, sai in zauna ina kallonsu kamar mai jinya. Na ruwan rijiya suna ta yawonsu. Na kududdufi suka fara kwanciya a ƙasan daro, daga baya suka juya ciki sama.

Bayan La'asar na kai daron ruwan kududdufin ƙofar masallaci. Ƙanen matata, wanda feshi ne sana'arsa, ya leƙa ya fashe da dariya.

"Yaya, kai da ko aji ukku ba ka kai ba, yau ka zama likitan kwaɗi?"

"Duba dai, sun mutu."

"To mi aka yi? Ɗan kwaɗo ko atishawa ka yi mashi sai ya mutu. Bari in kawo tarwaɗa."

Mu da tarwaɗa muke auna ruwa. In tana raye, ruwa lafiya lau, haka muka taso. Ya je ya kawo ta ya saka. Ta yi juyi biyu, ta fantsama mini ruwa a riga. Na ce tarwaɗa ai ko a taɓo rayuwa take yi. Dariya ta danne maganar.

Liman bai yi dariya ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kaɗaici ne ke damunka. Ka je ka gano iyali."

Wannan ta fi dariyar zafi. Na ɗauki darona na koma gida.

Washegari da safe maƙwabcina ya kora nasa san zuwa kududdufi. Na kira shi, ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba. Na kwance nawa, muka bi hanyar tsohuwar rijiya mai nisa, na yi ta jan guga har tafin hannuna ya saɓule, san ya sha ya ƙoshi.