Fida Huɗu, Kwat Ɗaya

A ƙarshen shekarar 2007, wata Asabar da ruwa ya wuni yana zuba a unguwarmu Wangsa Maju da ke Malesiya, na tsaya gaban famfon kicin da fidar shan madarar ƙanwata a hannu, ina auna wa kifina ruwan tafiya. Abba ya gama karatunsa, za mu koma Kano, ni kuma na kafe ba inda za ni sai da Gwarzo. Ɗan kifi ne ja mai baza jela kamar gyale, Umma ta saya min a kasuwar dare. Shi ne abokin hirata a can saman bene, inda ba mu da tsakar gida sai baranda da igiyar shanya.

Da na kai kuka bayan ƙaramar salla, Abba bai ce a'a ba. Ya nuna min rubutun jikin gwangwanin abincin kifin, wai irinsa yana son ruwa kwat ɗaya, wani ma'aunin Turawa. "In kika gano oza nawa ne kwat, kika auna daidai, da shi za mu tafi." Ni da lissafi kuwa ba ma ga maciji, a makaranta ma lita aka koya mana. Duk gidan babu mai zanen oza sai fidar nan, cikinta oza takwas. Na sha wuya kafin na gano kwat oza talatin da biyu ne, fida huɗu ke nan. Abba ya ce wannan na Amurka ne, na Ingila arba'in, fida biyar. Na haddace duka biyun. Na daina sauka wasan ɓuya da yaran bene, kullum ina jiƙa wa Umma kicin, ita kuma tana gogewa tana cewa, "Wanda ya ce zai haɗiye gatari, a riƙe masa ƙota."

Ranar tafiya na zuba Gwarzo a wankakkiyar kwalba, na huda murfin don ya sha iska. Sai ga Hafiz, ɗan maƙwabtanmu Malay, a bakin ƙofa da bokiti. Wai ya zo karɓar kifinsa, Abba ya yi masa alkawari tun kafin azumi. Na juya na kalli Abba yana ɗaure akwati, ko ɗago kai bai yi ba. "Ba a shiga jirgi da ruwa, Hadiza. Amma ai ga shi kin iya lissafi." Da hannuna na juye kifin a bokitin, kuma ban yi kuka ba sai a mota.

Yanzu 'ya'yana waya suke tambaya, ta ba su amsa kafin ƙiftawar ido. Abba ya tsufa, yana ba baƙi labarin nan yana dariya, wai dabarar koyarwa ce, ni ma nakan taya shi murmushi. Ba kifin nake kewa ba, kifi cike yake a kasuwa. Ina kewar yarinyar nan ce, wadda in Abba ya ce za a yi, ba ta ƙara tambaya.