Ɗorin Ɗan Fari

Duk bayan 'yan watanni nakan ɗauki takalmina na hagu in kai wa wani baduku a kasuwar Jega, ya yanko tsohuwar tayar babur ya liƙa masa a ƙasa, hawa kan hawa, har ya kai tsawon da zan iya tsayawa ban karkace ba. Zuwan da na yi na baya-bayan nan, na tarar yana shafa wa wata fata man kaɗe. Ƙanshin na bugun hancina na ji raina ya ɓaci, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Man kaɗe shi ne ƙanshin zauren gidanmu na Aliero, ni kuwa duk abin da zai tuna mini da zauren nan ba na maraba da shi.

Mahaifina mai ɗori ne, gado ya yi wurin nasa mahaifin. In ka san garinmu, ka san ba albasa kaɗai ke kawo baƙi ba, har da karaya. Tun da na yi wayo na ga zaurenmu cike da mutane a kwance, wani hannu a ɗaure, wani ƙafa. A kusurwa akwai kaskon man kaɗe, da tarin tsofaffin zannuwa da aka yayyaga, da fasasshen kara da aka saƙa kamar ƙaramin asabari don tallafe ƙashi. Da yawan masu karayar daga ƙetare suke zuwa, Zabarmawa da Dandawa da wasu da ko gaisuwarsu ba mu ji. Tuwon da innata ta tuƙa, zaure ake fara kai wa. In an yanka kaza, romon na masu karaya ne, mu 'yan gida sai mu bi ta da kallo. Mutanen gari suna cewa gidanmu gidan albarka ne. Su faɗi haka mana, tunda ba daga tukunyarsu ake kwasa ba.

Gidan yana da doka, kuma kakata, mahaifiyar baba, ita ce mai tsaron dokar. Ba a mayar da wanda ya zo neman ɗori, kuma wanda ya fara yin sallama shi ke da hannun mai ɗori har a gama da shi. Ta yi imani cewa ranar da aka karya wannan, ranar baiwar za ta bar gidan. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta ɗaga murya, amma in ta ce a'a ko baba ba ya ƙara magana.

Ni ne ɗan fari. A ɗakin kaka na tashi, don kunya ba ta barin iyayena su nuna sun san da ni. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wancan". Inna kuwa "yaron nan" take cewa, in na shigo ɗakinta da mutane sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne ya shigo. Ban taɓa jin haushin wannan ba a lokacin, haka ake yi wa kowane ɗan fari a unguwarmu, har tsokanar juna muke yi da shi.

Ina ɗan shekara tara ko goma abin ya faru, a cikin bazara, lokacin kwasar albasa. Muna dawowa daga fadama da hantsi, ina zaune can ƙololuwar buhuna a kan amalanken shanu, ina jin kaina sarki. Ƙafar amalanken ta faɗa wani rami, na wuntsilo ƙasa, buhu guda ya biyo ni ya sauka a kan cinyata. Na ji ƙarar da kunnena, irin ta busasshen kara in an taka shi. A kan ƙyauren wata bukka aka ɗauko ni zuwa gida.

Da aka shigo da ni zaure, akwai baƙi biyu zaune a kan tabarma suna shan fura. Daga wajen Gaya suka zo, can Nijar, ba su daɗe da isowa ba. Wata babbar mota ce ta kife da 'yan kasuwa a yankinsu, mutane da dama sun kakkarye, an jera su a wata rumfa babu mai taɓa su. Sun zo da mota a ƙofar gida don su tafi da baba, shi kuma ya riga ya ce musu to.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ɗora ni kafin ya tafi. Ƙaninsa ya danne mini ƙirji, shi ya ja ƙafar har na suma, na farfaɗo na tarar an ɗaure ni da kara tun daga ƙugu har gwiwa. Amma ko awakin gidanmu sun san ɗorin cinya ba a rana ɗaya yake ƙarewa ba. Naman wurin yana da ƙarfi, kullum janye ƙashin yake yi yana hawa kan ɗan'uwansa. Sai an riƙa kwancewa ana sake ja, ana gwada ta da lafiyayyar, har ƙashin ya kama a inda ya kamata. Wannan ne aikin, kuma shi ne baba ya ce ƙaninsa zai yi. Ƙanin nasa kuwa manomin albasa ne, mutumin kirki, amma ko kaza ake yankawa kau da kai yake yi.

An mayar da ni rumfar tsakar gida, baba yana haɗa jakarsa, sai inna ta fito daga ɗaki ta tsaya a gabansa. Ina kwance ina kallonsu. Ta ce masa ya zauna ya gama da na gida, sannan ya tafi duk inda yake so, ƙasar ma da ta fi Nijar nisa. Ya ce mata can mutane ne jibge babu mai hannu ko ɗaya, nan kuwa ga ƙaninsa, ga tsohuwa da ta ga ɗori tun kafin a haife shi. Ta ce tsohuwa gani ta yi, ba ja ta yi ba. Ya ce Musulmi ne 'yan'uwanmu, iyaka ba ta raba mu ba. Ta ce ita ba ta ce kafirai ne ba, amma su ma ai da hukuma a ƙasarsu, da asibiti, kuma a Aliero ba shi kaɗai ne mai ɗori ba, a tura wani.

Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke ba ki da ta-ido? Ɗan hwari na kika tsaya ma, baƙi na ji? Sun riga shi sallama."

Inna ta juya ta dube ta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ce, "Nan gidan anka haihe shi. Sallamam mi za shi yi?"

Daga nan ta kira sunana. Ta faɗe shi da ƙarfi, har baƙin zaure suka ji, ta ce wane ɗanta ne, kuma ƙafarsa ba ta fi ta kowa araha ba. Ni kaina na manta da zafin da nake ji, don ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinta ba sai ranar. Matan gida suka sunkuyar da kai don kunyar abin da ta yi.

Na daɗe ina juya abin a raina, kuma na tabbata kiran sunan nan ne ya ƙarasa tura baba cikin motar. Da ya zauna bayan wannan, gari zai ɗauka cewa mai ɗori ya bar bayin Allah kwance saboda ɗan fari, kuma mace ce ta zaunar da shi. Wannan ya fi ƙarfinsa. Tausayin mutanen Gaya yana ciki, ban musa ba, amma tsoron bakin mutanen Aliero ya fi yawa. Ya rataya jakarsa, ya ce kafin kasuwar Jega ta zagayo ya dawo. Ko inda nake bai duba ba, don ba a duban ɗan fari a gaban mutane.

Kasuwar Jega ta ci, ta sake ci, ta sake ci. Ina kwance a rumfa cikin zafin bazara, ƙuda na bina, warin albasar da ta fara ruɓewa a rudu, inda ake ajiye ta, na shigowa da iska. Ƙanin baba yakan zo ya kwance ɗaurin, ya kama ƙafar zai ja, ina ƙwalla ƙara sai ya saki, ya ce gobe. In ya gwada ƙafafun ya ga ɗaya ta gaza, sai ya ce kumburi ne. Inna ta ce a kai ni asibiti, kaka ta ce sai dai bayan ranta, gidan ɗori ba ya kai ɗansa asibiti duniya ta yi masa dariya. Ta kuma hana a aika wa baba. Direbobin albasa kuwa kullum da labarin da suke kawowa: ai an ji mai ɗorin Aliero ya zo, ƙauyuka sai kawo nasu suke yi, har da waɗanda suka karye tun bara. Kaka ta riƙa murmushi tana cewa baiwa ta yi amfani. Ni a lokacin nan na koyi ƙin mutanen da ban taɓa gani ba.

Sai da aka yi ruwan fari ya dawo, da rago, da sabuwar riga, da buhun shinkafa da aka haɗo shi da su. Bayan an gama yi masa barka da zuwa ya shigo, ya tsuguna, ya kwance karan, ya jera ƙafafuna biyu. Ya daɗe yana kallonsu. Duk wanda ke wurin ya ga abin da ya gani, ta hagu ta gaza da kusan faɗin tafin hannu. Ya latsa cinyar da babban yatsa ya ce, "Ya kama." Can ya ce in an yarda zai sake karya ta ya gyara. Sai inna ta miƙe. Ta goya ni, ƙato da ni, ta fita bakin hanya ta tare mota, sai gidan iyayenta a Maiyama. A can muka yi damina. An yi ta biko kafin ta koma, kuma da ta koma ba ta sake ce mini "yaron nan" ba har ta bar duniya. Ragon nan kuwa da aka yanka da layya, ko tsoka ɗaya ba ta ci ba.

Na girma ana ba ni haƙuri da magana ɗaya: su da yawa ne, kai kai kaɗai ne. Na sani, ba sai an koya mini ba. Ban taɓa cewa a bar su su lalace ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, ladan da baba ya samo a can da ƙafata aka same shi, kuma ba wanda ya tambaye ni ko na bayar. Shi ya sha yabo, kaka ta riƙe dokarta, ni na riƙe ɗingishi. Har ya tsufa bai taɓa zama ya ce mini ya yi kuskure ba, kunyar ɗan fari ta ba shi wurin ɓuya mai kyau. Da ya so ya koya mini ɗori na ƙi. Na komo Sabon Garin Jega ina sayar da irin albasa, sana'ar da ake yi a zaune.

Yanzu zamani ya sake. Da sai baƙo ya zo har zaure ya yi sallama, yau sallamar a waya take shigowa, daga ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. Ɗana na fari, wanda nake kiran sunansa da ƙarfi a tsakiyar kasuwa don kowa ya ji, yana cikin samarin da ke bin gida-gida suna tara tufafi da hatsi don mutanen wata ƙasa da yaƙi ya ci. A majalisarmu kullum sai an yi gardamar, wasu su ce ɗan'uwa ɗan'uwa ne ko a ina yake, wasu su ce a fara da na kusa. Ni ba na hana shi. Abin da nake tambayarsa kawai, kafin ya fita, ko ya leƙa ya ga wanda ke kwance a cikin gida da maƙwabta. Yakan ce na cika ɗaci, kuma gaskiyarsa ne.

Da baba ya rasu, ni na zauna a zauren nan karɓar gaisuwa, tunda ni ne babba. Mutanen ƙetare sun zo mota-mota. A cikinsu akwai wani dattijo dogo, miƙaƙƙe, da ya shigo yana taku kamar saurayi. Ya ce yana cikin waɗanda motar nan ta kife da su. Ya naɗe wandonsa ya nuna wa jama'a cinyarsa, ya ce marigayi bai bar gefensa ba sai da ƙashin ya kama, kullum sai ya kwance ya ja da hannunsa, ko tabo babu. Aka yi ta kabbara. Da aka kira la'asar na miƙe zan ɗauko buta, ba takalmi a ƙafata, ya ga yadda nake tafiya. Tausayi ya kama shi, ya riƙo hannuna.

Ya ce, "Ɗana, wane mugun mai ɗori ne ya yi maka wannan? Ina ma hannun marigayi ka samu."

Na ce, "Shi na, baba. Rana guda munka same shi, kun riga ni sallama."

Dattijon ya saki hannuna, ya sunkuya a hankali ya sauke ƙafar wandonsa. Ni kuma na jawo takalmina mai taya na saka, na fita alwala.